Baba, wata huɗu ke nan ban taka majami'a ba

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Galmi, shekaruna 34, ina zaune a garin Tawa. Inna ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya har na gama mastar a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Na yi sabis sibik, wato bautar ƙasa, shekara biyu, na shiga konkur, jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati, sau uku, sunana bai fito ba. Yanzu kabu-kabu nake yi da moton wani. Yarinyar da muka yi alkawari da ita ta jira ni shekara biyar, a watan Disamba aka ɗaura mata aure da wani a majami'armu, inda ni ne mai kaɗa wa mawaƙa piyano. Bara wani baƙon mai wa'azi ya ɗora mini hannu ya ce shekarar tawa ce, in shuka iri. Na ba da jika 50 da nake tarawa. Shekara ta ƙare, shiru. In Inna ta kira ni, ce mata nake takardata ta kusa fitowa. Ba na shan giya, ban taɓa zuwa wurin boka ba, ina fid da zakkata. Irmiya 29:11 tana manne a bangon ɗakina tun ina ajin bak, ajin ƙarshe kafin jami'a, makon jiya na yage ta. Abokaina na fada suna cewa mu kama hanyar Agadas zuwa Libiya. Baba, Allah ya manta da ni ne? Kuma zunubi ne in ji haushinsa?

Wani ɗanka daga Tawa

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka da rana, na ajiye, na sake ɗaukarta da dare ina haskawa da salula bayan kuran ya ɗauke. Sannu. Abin da ya same ka da ciwo, ba kuma zan fara da ce maka ka yi haƙuri ba, don na san kunnenka ya cika da wannan kalma.

Tambayarka ta biyu ta fi sauƙi, da ita zan fara. Buɗe Zabura 13: a ayoyi biyu na farko kaɗai Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. Wuce zuwa Zabura 88, ka karanta har ƙasa kana neman inda mai waƙar zai juya ya yi yabo kamar yadda aka saba. Ba za ka samu ba, da duhu ta ƙare. Na'omi ta komo Baitalami ba miji ba ƴaƴa, matan gari suka fito tarbarta, ta ce kada su ƙara kiranta Na'omi, su kira ta Mara, mai ɗaci, don Maɗaukaki ya ɗanɗana mata ɗaci. A tsakiyar gari ta faɗa, ba a ɗaka ba. Yahaya Mai Baftisma kansa, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, da zaman kurkuku ya yi tsawo sai ya aika a tambaye shi ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a sa ido ga wani. Yesu bai kore shi daga cikin annabawa ba, a ranar ma ya yabe shi gaban jama'a. Allah ya bar duk waɗannan a cikin Littafinsa, bai sa an goge ba. Saboda haka haushinka bai tsorata ni ba. Abin da ya dame ni shi ne shirun. Waɗancan sun kai ƙararsu wurin wanda suke jin haushinsa, kai kuwa ka ɗauke ƙafa, kana ta taunar abin kai kaɗai a kan moto.

Takardar da ka yage kuwa, ban ga laifinka sosai ba, don mu manya ne muka ba ku ayar a gutsure. Mun rubuta ta a kalanda, mun ɗinka ta a rigunan zumunta, ba mu gaya muku wa aka rubuta wa ba. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da Nebukadnezzar ya kwasa daga Urushalima zuwa Babila tare da sarki Yekoniya, wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Koma baya sura ɗaya, ta 28, za ka gamu da wani annabi Hananiya, mai bakin zuma, wanda ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu kowa zai koma gida, har ya fizge karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya don jama'a su gani. Kowa ya so maganar Hananiya. A shekarar nan ya mutu, ba wanda ya koma. Irmiya kuwa abin da ya rubuta shi ne: shekara 70 za ku yi, ku gina gidaje, ku dasa lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar, ku nemi zaman lafiyar garin da aka kai ku. Wannan yana aya ta 5 zuwa ta 10. Sai bayan haka ayarka ta zo, mai maganar shirin alheri da bege. Yi lissafi, kai da ka yi lakwal: wanda yake da shekara 34 ranar da aka karanta wasiƙar, da 104 zai ga cikarta. Yawancinsu a Babila aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, ya kuma cika, amma ba a kan kalandar da suka zana wa kansu ba.

Mutumin da ya karɓi jika hamsin ɗinka jikan Hananiya ne. Ba na rufa wa irinsu baya. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka san amsar da ya samu a Ayyukan Manzanni sura 8. Baiko daban, ciniki daban. Kada ka ƙara ba kowa ko dala don ya saya maka shekara. Ka kuma gaya wa dattawan ikilisiyarku abin da ya faru, don ba kai kaɗai ka shuka wannan irin ba, sauran kunya ce ta rufe musu baki.

Yanzu ka yi mini uzuri in taɓa inda ke ciwo. Ka rubuta cewa ba ka shan giya, ba ka je wurin boka ba, kana fid da zakka. Madalla, Allah ya ƙara riƙe ka. Amma yadda ka jera su, sai na ga kamar takardar bashi ce ka kai wa mai kanti. Babban wan nan na Luka 15 haka ya yi wa mahaifinsa: shekara da shekaru ina yi maka bauta, ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Uban bai musa masa ba, bai kuma zage shi ba. Fitowa ya yi waje inda yake tsaye yana fushi, ya kira shi ɗana. Wannan lissafin ma mu muka koya muku. A zamaninmu wanda ya fito da difloma gwamnati ce ke nemansa, sai muka ɗauka haka duniya take, muka haɗa shi da wa'azi: ka ji tsoron Allah, ka yi karatu, biro na jiranka. Ba mu daɗe ba muka ga iyakarsa. Ina mushe, wato malamin lakwal, aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, albashi kuma yana yin watanni bai zo ba, har matata ta koma tuyar ƙosai a ƙofar gida, ni ina gyaran takardun yara a gefenta ina sunkuyar da kai in iyayensu sun zo saye. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 a Nijar, yau mun haura miliyan 25, kujerun ma'aikatu kuwa ba su hayayyafa haka ba. Rashin fitowar sunanka a konkur ba hukunci ba ne daga sama. Ba kai ne malamin karin maganar nan da ya ƙi noma don tsammanin zakka ba. Ka yi nomanka, damina ce ba ta yi kyau ba.

Hausa ta yi mana gata a nan, don ta raba abin da muke cakuɗawa. Akwai tsammani, wato abin da ka lissafa ka ga ya kamata ya zo. Akwai fata, abin da kake so ya zo ko da ba ka da tabbas. Akwai kuma bege, wanda a bakin Bahaushe tun asali ba a yin sa a kan kaya. Mutum ake bege, wanda zuciya ta rataya a kansa ko yana nesa. Tsammaninka ya karye, gaskiya ne, Karin Magana 13:12 ma ta yarda cewa jiran da ya ƙi ƙarewa yakan sa zuciya ciwo. Abin da nake so mu duba shi ne ko begenka a kan takardar ɗaukar aiki yake rataye tun farko.

Labarin da ya fi kama da naka yana Luka 24. Mutum biyu, ɗaya sunansa Kiliyobas, sun juya wa Urushalima baya sun kama hanyar ƙauyen Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11. Su ma sun bar taron ƴan'uwa ne, kamar kai. Wani baƙo ya cim musu ya tambaye su zancen me suke yi, suka tsaya cik, fuska a murtuke. Lura da abin da ya yi. Ya fi su sanin labarin, tunda a jikinsa aka yi, amma sai ya ce: wane abu? Ya bar su suka zazzage cikinsu tas. A tsakiyar bayaninsu ne suka faɗi maganar da ita ce wasiƙarka gaba ɗaya: dā mun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Dā. Sun riga sun yi wa begensu jana'iza, alhali ranar ce ranar tashinsa, shi ne kuma yake taka ƙura tare da su.

Bai lallashe su da zaƙin baki ba, ya ma ce musu marasa fahimta. Ya bi da su ta cikin Musa da annabawa yana nuna musu cewa wahalar da suka ɗauka ita ce rushewar shirin, tana cikin shirin tun fil azal. Sai da suka roƙe shi ya kwana, ya ɗauki gurasa ya gutsura, sannan idanunsu suka buɗe. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne wannan: abin da suka sa wa rai ba su samu ba. Suna so a kori Romawa ne, Romawa kuwa ba inda suka je, bayan shekara kusan 40 ma su suka rushe Haikalin, a shekara ta 70. Duk da haka mutanen nan biyu suka tashi cikin daren suka sake taka kilomita 11 zuwa wurin ƴan'uwan da suka baro. Bilatus yana kan kujerarsa, aljihunsu yadda yake. Abu guda ne ya sauya, kabarin ba kowa. Shi ya sa Bitrus a farkon wasiƙarsa ta fari ya kira shi rayayyen bege, ya kuma ɗaure shi da tashin Yesu daga matattu, bai ɗaure shi da samun wani abu ba.

Kada ka ce tsoho yana magana daga inuwa. Ranar Asabar 17 ga Janairun 2015 ina nan Yamai aka ƙone majami'u da dama cikin ƴan awoyi, bayan an fara a Damagaram ranar Juma'a. Tamu tana ciki. Ni ne ma'ajin kuɗin gini, shekara tara muna tara dala-dala kafin mu ɗora kwanon nan. Da ƙura ta lafa na je na tsaya a ƙofa. Kwanon ya lanƙwashe ya rufto kamar tsumma, bencina sun zama gawayi, na sunkuya na ɗauki wani Littafi, ya marmashe a hannuna, sai tsakiyarsa kaɗai ta rage da rubutu. Addu'a ta ƙi zuwa bakina. Abin da ke raina shi ne: ashe haka za ka yi mana? Ina nan tsaye sai ga wata tsohuwa ta zumuntar mata da tsintsiya da tsohon bokiti. Ba ta gaishe ni da wa'azi ba, cewa ta yi, Malam, matsa in share, ina za mu zauna ran Lahadi? Maƙwabcinmu Musulmi, wanda ya ɓoye iyalin mai gadinmu a ɗakin matarsa ranar tashin hankalin, shi ya ara mana tabarmi. A ƙarƙashin rumfa muka yi sujada, toka tana shiga mana hanci. Ban ji wata murya daga sama ba, haushina ma ya kai wata shida bai sauka ba. Amma kowane mako ina zuwa da shi in zauna, ana miƙo mini gurasar Jibin Ubangiji ina karɓa, har wata rana na lura ina rera waƙa ban sani ba.

To, ka koma. Ba sai ka hau piyano ba, ba sai ka yi murmushi ba. Na san Tawa, masu bi ba su da yawa, kowa ya san na kowa, kuma ganin yarinyar nan da mijinta a benci na uku ba ƙaramin abu ba ne. In ba za ka iya ba yanzu, je ka sami fastonku ka gaya masa gaskiya, ka ce za ka riƙa sujada a wata majami'ar na ɗan lokaci. Fasto mai hankali ba zai hana ka ba. Ita kuwa, ka sake ta har cikin zuciya. Shekara biyar ga ƴa mace a ƙasar nan, da surutun gwaggwanni da na maƙwabta, ba wasa ba ne. Ta yi maka abin da da yawa ba za su yi ba. Goge lambarta, ka daina leƙa hotunanta a WhatsApp da tsakar dare. Matar wani ce yanzu.

Maganar Inna ta fi damuna a kan ta konkur. Ƙaryar nan da kake mata ita ce take cin ka fiye da rashin aikin, don kowane kira sai ka sake gina katangar da ka san za ta faɗi. Kuma kana tsammani ba ta sani ba? Matar da ta san akuyarta na da ciki tun kafin kowa ya gani, muryar ɗanta ce za ta ɓace mata? Shiga mota ka je, kada ka yi ta salula. Zauna a tabarmarta ka ce, Inna, aikin bai samu ba, kabu-kabu nake yi. Wataƙila ta yi kuka. Amma ba don ta sayi ma'aikacin gwamnati ta sayar da awakinta ba, don kai ta sayar, ga ka kuma da ranka da lafiyarka, ba ka ɗauki na kowa ba.

Ka kula da jikinka. Da Iliya ya gudu jeji ya kwanta gindin wani itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa waina ce da tulun ruwa, ya bar shi ya sake barci, sai daga baya aka yi magana. Rai dangin goro ne. Na san abin da ke yawo a tashar masu moto, tramol da ƴan'uwansa, wai maganin gajiya. Kada ka fara. In barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin gara ma ba ka duniya, wannan ciwo ne kamar zazzaɓi, ba ƙarancin bangaskiya ba. Gaya wa wani a ranar, ka je likita. Likitar Galmi, asibitin da mishan suka buɗe tun 1950, tana kusa da gidanku in ka fi sakewa da can.

Hanyar Agadas ba zan ce maka haramun ce ba. Adarawa sun daɗe suna bida, da yawa cikin gidajen kwanon da ke ƙauyukanku da kuɗin Abijan aka rufa su. Amma tafiyar neman abinci daban take da tafiyar gudun kunya, ta biyun ba ta duba rijiya kafin ta taka. A watan Oktoban 2013 gawa 92 aka tsinta a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ka kuma tambayi waɗanda suka dawo daga Libiya mene ne gidan bashi, da wa ake kira a waya ya sayar da gona a fanshi mutum. Inna ba ta da sauran awakin fansa. In bayan wata shida, ka ga Inna, ka koma cikin ƴan'uwa, hankalinka ya kwanta, har yanzu kana ganin tafiya ce mafita, to, a zauna da manya a duba ina, wurin wa, da wace takarda.

Kafin nan, ga lambun da Irmiya ya ce a dasa a Babila. Kai ɗan Adar ne, ka san tassa. Cikin rani, rana tana dukan ƙeya, ba ko gizagizai, manomin wajen Illela yake sa dundurusu a fako yana haƙa ramuka, yana zuba ɗan taki a kowane, ƙasar da kowa ya ce ta mutu. Bai san ranar da ruwa zai sauka ba, wata shekarar ma yakan yi gardama. Abin da ya sani shi ne in ya sauka, a ramin zai tsaya. Kana da mastar, Tawa kuma cike take da yara masu shirin jarrabawar BEPC da ta bak waɗanda iyayensu ke neman mai koya musu da yamma. Fara da uku. Shiga adashi da mutanen da ka yarda da su har moton ya zama naka. In an buɗe konkur ka sake ajiye takardunka, ba abin kunya ba ne, amma kada ka jingine rayuwarka a ƙofar ma'aikata kana jira a kira suna kafin ka fara ta.

Ba zan yi maka annabci ba. Ban san ko za ka zauna a biro ba, ban san ranar aurenka ba. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin ya isa. Mutanen Ibraniyawa 11 da muke yabo, surar da kanta ta ce sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Habakuk ya rufe littafinsa da ɓaure bai yi toho ba, gona ba amfani, garke ba dabba, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Ni ban kai Habakuk ba, na gaya maka wata shida na yi ina gunaguni. Amma ga amsar tambayarka ta farko iyakar abin da na sani: wanda ya bi mutum biyu masu fushi har Imuwasu bai manta hanyar Tawa ba, kuma wanda aka manta da shi ba ya zama da dare ya rubuta wasiƙa irin taka.

A gurbin takardar da ka yage, kwafe Irmiya 29 daga aya ta 4 har ta 14 da hannunka, duka, ka manna. Ka rubuto mini bayan ka dawo daga ƙauye. In ka je, ka ce wa Inna wani tsohon mushe a Yamai yana gaishe ta da kyau, yana kuma tambaya ko cikin awakin nan akwai wadda ta rage.

Naka,
Baba